Garatutin Malamin Madobi da Giɓin Kasafin Kano

Da zarar damina ta ɗauke a yankin Madobi, Kura da Bunkure, sai hankalin kowa ya koma kan rani. Ruwan da ake sakowa daga madatsar Tiga yana bin kanal zuwa filayen Kadawa, masu fadama a gaɓar kogi suna gyaran injinan ban-ruwa, ana neman irin tumatir da albasa da alkama, ana cinikin hayar gona. Noman rani sana'a ce mai son kuɗi a hannu kuma a kan lokaci. Wanda bai sayi taki da fetur a makon da ya kamata ba, sai dai ya jira wata shekarar.

Cikin masu wannan lissafi akwai wani rukuni da ba a cika tunawa da shi ba: tsofaffin malaman firamare, ma'aikatan asibitocin karkara, malaman gona da masinjojin ƙananan hukumomi da suka ajiye aiki. Da yawansu sun shafe shekara 35 da buri guda, wato idan garatuti ya fito a fanshi gonar gado da aka jinginar, a sayi inji, a aurar da 'ya, a rufe ɗakin da ya daɗe yana jiran kwano. Dubbai daga cikinsu a faɗin jihar sun yi shekaru suna jira, wasu kuma magada ne suka ci gaba da zaryar.

Bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya karɓi mulki a watan Mayun 2023, gwamnatinsa ta bayyana cewa ta gaji bashin garatuti da haƙƙin mamata na kimanin naira biliyan 48. A ƙarshen wannan shekara ta fitar da biliyan 6 a matsayin kashi na farko, ta bi da biliyan 5 a 2024, aka kuma ci gaba da biya kashi-kashi. Wannan abin yabo ne, kuma duk wanda ya ga fuskar dattijon da saƙon banki ya shigo masa bayan dogon jira ba zai raina shi ba. Sai dai biyan tsohon bashi magani ne na zazzaɓi. Cutar da ta haifar da bashin tana cikin yadda ake tara kuɗin da yadda ake tsaron su, kuma muddin ba a taɓa wannan ba, gwamnan da zai zo nan gaba shi ma zai tsaya gaban 'yan jarida ya sanar da nasa gadon.

Yadda aka tsara asusun

Kafin 2004, ma'aikacin gwamnati a Najeriya ba ya ajiye komai domin fanshonsa. Gwamnati ce take biya daga kasafin kowace shekara, idan akwai kuɗi. Da babu suka yi yawa, sai bashin ya taru har aka ƙiyasta shi da kusan naira tiriliyan 2. Wannan ne ya sa gwamnatin Obasanjo ta yi dokar gyaran fansho ta 2004, wadda ta kafa hukumar PenCom, ta kuma buɗe wa kowane ma'aikaci asusun kansa a hannun kamfanoni masu zaman kansu. Dokar 2014 da ta maye gurbinta ta ɗora kashi 8 cikin 100 na albashi a kan ma'aikaci, kashi 10 a kan wanda ya ɗauke shi aiki. A wannan tsari, abin da aka tara maka da ribarsa shi ne naka, ba ƙari.

Kano ta bi wata hanya dabam. Dokar fansho da garatuti ta 2006, a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ta kafa Hukumar Amintattun Asusun Fansho, da asusu guda na kowa da kowa, na ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi. Dokar ta 2006 ta tanadi ma'aikaci ya zuba kashi 8, gwamnati ta zuba kashi 17. Amma abin da zai samu ranar ritaya an yanke shi ne bisa albashinsa da yawan shekarunsa na aiki, ko asusun ya cika ko bai cika ba. Ma'aikacin da albashinsa ya kai naira 100,000, alal misali, ana cire masa 8,000, gwamnati ta ɗora 17,000, sai 25,000 su shiga asusun kowane wata.

Tsarin yana da kyau ga ma'aikaci, domin haɗarin faɗuwar kasuwa ba a wuyansa yake ba. Amma yana da sharaɗi biyu da ba ya rayuwa sai da su. Na farko, kashi 25 ɗin su shiga cikakku kowane wata. Na biyu, abin da aka tara a juya shi a inda za a iya ciro shi ranar buƙata. Mutanen Kura da Bunkure sun san wannan ƙa'ida fiye da kowa, tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 a zamanin Audu Baƙo: ruwan da aka tare a watan Agusta shi ake sha a watan Maris, kuma wanda ya sake shi tun da damina ba shi da abin da zai ce wa mai tumatir idan bazara ta yi.

Inda bango ya tsage

Duk sharuɗɗan biyu sun samu rauni. A wa'adi na biyu na Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, daga 2011 zuwa 2015, an zuba kuɗin asusun a gidajen rukunonin Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo. Masu kare matakin sun ce jari ne da zai kawo riba, masu suka kuma suka kai ƙorafi gaban hukumar EFCC, taƙaddamar ta ɗauki shekaru tana tashi tana kwanciya tare da iskar siyasa. Ko ma wa ke da gaskiya a wannan jayayya, darasi ɗaya ya fito fili. Gida dukiya ce, amma ba a yankar falonsa a biya garatutin mutum goma a ƙarshen wata. Asusun da ke da masu jira kullum yana buƙatar kadarar da ke komawa kuɗi cikin kwanaki. Ban da haka, idan gwamnatin da asusun ke bi bashi ita ce kuma mai sayar masa da kadara, babu wanda ya rage da zai yi ciniki a madadin ɗan fansho.

Rauni na biyu ya fi girma, ko da yake bai yi suna kamar na farko ba. Farashin gangar ɗanyen mai da ya haura dala 100 a tsakiyar 2014 ya faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016. Kason jihohi daga asusun tarayya ya ragu, jihohi da dama suka kasa biyan albashi har sai da gwamnatin Buhari ta ba su rancen ceto a 2015, tattalin arziƙin ƙasa kuma ya shiga karaya a 2016. A shekarun mulkin Dakta Abdullahi Umar Ganduje, daga 2015 zuwa 2023, shugabannin asusun sun sha bayyana cewa wasu ma'aikatu da hukumomi ba sa zuba kasonsu na 17, ƙungiyar 'yan fansho kuma ta sha kokawa kan yanke-yanken da ake yi wa kuɗinsu na wata.

Dalilin da ya sa fansho ne kullum ke fara shan wuya idan kuɗi suka yi ƙaranci ba ɓoyayye ba ne. Ma'aikacin da aka hana albashi yana iya rufe ofis ya tafi yajin aiki. Ɗan kwangilar da aka hana kuɗinsa yana iya kwashe motocinsa daga kan hanya, kowa ya gani. Kashi 17 da ba a zuba ba kuwa babu mai jin ƙararsa a wannan watan, sai bayan shekara biyar ko goma, lokacin da wanda ya hana ya riga ya bar kujera. Tsohon malami ba shi da ajin da zai ƙaurace wa. Saboda haka rashin zubi ya zama rance mafi sauƙi da gwamnati ke iya ci: babu majalisar da ta amince da shi, babu bankin da ya gindaya sharaɗi, babu kuɗin ruwa, kuma wanda aka ranta daga wurinsa ba a tambaye shi ba.

Jinkiri ma ragi ne

Ana yawan cewa bashin garatuti ba ya ruɓewa, ko ba jima ko ba daɗe za a biya. A ƙasar da farashi ke gudu, wannan magana ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni, dalar da ake canzawa a kan kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen wannan shekara. Lissafin mai sauƙi ne. Idan farashi yana tashi da kashi 30 a shekara, kuɗin da aka riƙe shekara uku ba sa sayen rabin abin da za su saya a ranar da ya kamata a biya su.

A fassara wannan zuwa harshen Kadawa. Garatutin da zai sayi eka biyu da inji a shekarar ritaya, idan ya iso a makare, wataƙila ya sayi injin da buhunan taki, gonar kuwa sai dai haya. Ban da haka akwai ranin da ya wuce babu noma, da bashin da aka ci a wurin dillalin Kwanar Gafan bisa sharaɗin sayar masa da amfani a farashin da ya ga dama. Gwamnati ta biya adadin da ke rubuce a takarda, amma a zahiri ta biya rabi, ragowar hauhawar farashi ta yafe mata a madadin dattijon da bai yafe ba.

Kundin tsarin mulkin 1999 bai bar wannan a duhu ba. Sashe na 210 ya kare haƙƙin fanshon ma'aikacin jiha daga riƙewa ko sauyawa ta hanyar da za ta cutar da shi sai bisa doka, ya kuma wajabta a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashi, duk wanda ya riga zuwa. Ɗaga mafi ƙarancin fansho a Kano daga naira 5,000 zuwa 20,000 da gwamnati mai ci ta yi mataki ne a wannan hanya. Amma kasancewar an daɗe ana biyan mutum 5,000 a wata ya isa ya nuna tsawon lokacin da wannan sashe ya yi yana barci.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Akwai hujja mai nauyi da ya kamata a saurara. Mafi yawan mutanen Madobi, Kura, Bunkure da Garun Malam ba su taɓa karɓar albashi ba, kuma ba za su taɓa ganin fansho ba. Manomin da tsutsar tumatir ta cinye wa gona a 2016 babu wanda ya ba shi garatuti. Mace mai surfe da turara shinkafa a Kura tsufanta yana hannun 'ya'yanta. Duk naira biliyan ɗaya da ta tafi biyan tsohon bashin ma'aikata, biliyan ɗaya ce da ba ta je gyaran hanyar ƙauye, rufin aji ko maganin asibiti ba. Me zai sa talakan da ba shi da komai ya ɗauki nauyin tsufan wanda ya sha albashi shekara 35?

Kuma nauyin ƙaruwa zai yi. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan Kano ta amince da 71,000 a ƙarshen 2024. A tsarin da ake auna fansho da albashin ƙarshe, wanda ya yi shekara 30 yana zubi a kan ƙaramin albashi zai karɓa a kan babba. Ƙarin albashi yana ƙara kuɗin da ke shiga asusun a yau, abin da kan sa a ga kamar an samu sauƙi, alhali ya ƙara girman alkawarin gobe nan take. Sauran duniya ta ga inda irin wannan ke kaiwa. Birnin Detroit na Amurka ya ayyana fatara a 2013 da bashin kusan dala biliyan 18, aka kuma rage wa tsofaffin ma'aikatansa fansho. Ƙasar Girka ta yi ta yanke fansho tun daga 2010 bisa sharaɗin masu ba ta rance. Faransa ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 a 2023, ta sha watanni tana fama da zanga-zanga. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, an ce ka shafa wa naka ruwa.

Duk da haka hujjar ba ta kai inda ake son ta kai ba. Fansho albashi ne da aka jinkirta. Malamin da ya yarda ya koyar a ƙauyen da babu wuta babu ruwan famfo a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba, ya yarda ne saboda an ce masa ragowar ladansa yana jiransa a ƙarshe, kuma an cire kashi 8 daga aljihunsa kowane wata a kan wannan alkawari. 'Ya'yan manomin nan ne ya koyar. Idan matasan da ke kammala kwalejin ilimi suka ga yadda malaminsu ya ƙare, masu ƙwazo cikinsu za su nemi wata sana'a, asarar kuma a kan ɗan manomi za ta sauka. Sannan kuɗin ɗan fansho a karkara ba ya zuwa ko'ina: yana ƙarewa ne a kasuwar Kura, a hannun mai taki, ɗan ƙwadago da mai chemis. Abin da hujjar ta tabbatar shi ne wajibi ne a san girman alkawarin kafin a ƙara shi, kuma a daina barin sa ya taru har ya zama dutsen da zai danne kasafin shekara guda.

Akwai kuma wurin da batun adalci ya fi dacewa da shi. Jihohi da dama, har da Kano tun 2007, suna da dokokin da ke ba tsofaffin gwamnoni da mataimakansu fansho da alawus bayan shekara huɗu ko takwas kacal. Zamfara ta soke tata a watan Nuwamban 2019, bayan tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta wasiƙa yana neman a biya shi naira miliyan 10 na kowane wata. Kuɗin da irin wannan doka ke ci ba za su cike giɓin asusun ba, amma gwamnatin da ke neman masinja ya yi haƙuri tana buƙatar ta fara nuna haƙurin daga sama.

Darasin maƙwabta

Wasu na ganin mafita ita ce Kano ta koma tsarin PenCom, kamar yadda Kaduna ta yi daga farkon 2017. Tsarin yana da fa'ida babba guda: kuɗin suna hannun da gwamna ba ya iya kaiwa, shi ya sa dukiyar da aka tara a ƙasa baki ɗaya ta haura naira tiriliyan 20 a 2024. Amma shi ma ba ya aiki idan ba a zuba ba. Gwamnatin tarayya da kanta ta tara bashi a ƙarƙashinsa har ta amince da fitar da takardun lamuni na naira biliyan 758 a 2025 domin ta biya. Ƙari a kan haka, abin da ƙananan ma'aikata ke samu a wata yakan yi kaɗan, shi ya sa 'yan sanda masu ritaya suka daɗe suna neman a fitar da su.

Jigawa kuwa, wadda aka cire daga Kano a 1991, tana tafiyar da tsari irin na Kano tun farkon shekarun 2000, kuma ta yi suna wajen biyan masu ritaya ba tare da dogon jira ba, har wasu jihohi na zuwa koyo. Jigawa ba ta fi Kano kuɗin shiga ba. Abin da ake yaba mata da shi shi ne zubi a kan kari da barin asusun ya yi aikinsa, gwamna bayan gwamna. Wannan ya nuna sunan tsarin ba shi ne ke yanke hukunci ba. Kowane tsari aka ɗauka, riƙon amana ne ke ɗauke da shi.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a cire kuɗin zubin daga tushe. Doka ta wajabta wa Akanta Janar ya tura kason jiha da na kowace ma'aikata zuwa asusun a ranar da aka biya albashi, kafin kuɗin su isa hannun wani jami'i. Wannan ya ƙara zama dole bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi. Idan kuɗi suka riƙa zuwa kai tsaye ga ƙananan hukumomi 44, wuraren da zubi zai iya maƙalewa sun zama 44, kuma malaman firamare, waɗanda albashinsu ke fitowa daga wannan kaso, su ne za su fara ji a jikinsu.

Na biyu, a riƙa wallafa alƙaluma duk wata uku: wace ma'aikata ta zuba, wace ce ba ta zuba ba, nawa ke cikin asusun, a ina aka juya shi. Jerin masu jiran garatuti shi ma a fito da shi bisa ranar ritaya, domin a rufe ƙofar alfarma da ta masu neman na goro kafin fayil ya motsa. Shari'ar Abdulrasheed Maina, wanda kotu ta ɗaure shekara 8 a 2021 kan kuɗin fanshon tarayya, ta nuna abin da duhu ke haifarwa.

Na uku, a ɗauko ƙwararrun masu lissafin fansho masu zaman kansu su auna asusun duk shekara uku, su faɗi ko abin da ake zubawa ya isa, a kuma ajiye rahotonsu gaban Majalisar Dokoki kafin a amince da kowane ƙarin albashi ko sabuwar ɗaukar ma'aikata. Idan lissafi ya nuna sai an sauya ƙa'ida, a sauya ta ga sababbin shiga, a gaya musu tun ranar ɗauka.

Na huɗu, a haramta wa asusun ba gwamnatin jiha rance ko sayen kadara daga hannunta, a kuma ɗora kuɗin jinkiri a kan duk garatutin da ya wuce wata shida ba a biya ba. Ranar da jinkiri ya fara cin kuɗin gwamnati, ranar zai daina zama hanya mafi arha.

Na biyar, kada a manta da manomi. Tun 2019 PenCom ta buɗe ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar kansu, amma bai shiga karkara ba. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na Kadawa, waɗanda suka saba tara kuɗin gyaran kanal, hanya ce a shirye ta gwada ajiyar da za ta dace da lokacin girbi maimakon ƙarshen wata.

Lokacin yin wannan gyara shi ne yanzu, domin tun bayan cire tallafin mai kason jihohi daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai a lissafin naira. Irin wannan yalwa ta taɓa zuwa kafin 2014, ta kuma wuce. Idan farashin mai ya sake faɗuwa asusun yana yadda yake, kason gwamnati ne zai sake zama abin da aka fara ɗagewa, malamin da ke ajin firamare a Madobi a yau kuma zai tarar da layin da malaminsa ya bari.